Notin Dala Saba'in

Lorene ta yi lissafin a bayan ambulan,
tabarau a kan hanci, kofi yana hucewa:
kuɗin shiga dala goma sha biyar,
ajiye mota goma,
fetur zuwa Sedalia da dawowa arba'in.
"Kuma na san ba ka wuce mai gasa nama."
Ta turo min takardar kamar sammaci.

Na ce noti nake nema, guda ɗaya,
na bindigar harbin agwagin Baba,
wadda ta girme ni, ta kuma fi ni lafiya.
Ta ce jikanmu zai nemo shi a waya
kafin in gama ɗaure takalmi.
Gaskiya ta faɗa.
Na ɗauki makulli.

A ƙofar zauren baje kolin
ɗan sanda ya leƙa cikin bindigar,
ya ɗaure kunamarta da zaren roba,
wata yarinya ta buga min hatimi a bayan hannu,
shuɗin tauraro a kan jijiyoyin tsufa.

Shekara talatin da ɗaya ina shiga nan.
Da, warin mai da tsohon katako ke tarbar mutum.
Yau kyandir mai ƙamshin kirfa,
riguna masu rubutun neman faɗa,
kilishi a leda, zuma a kwalba,
wuƙaƙe masu ƙyalli da ba su taɓa yanka ko albasa ba,
ga wani can yana tallar gyaran rufin gida.
Na ɗaga kwalin harsashi, na ga farashi,
na mayar da shi a hankali
kamar jaririn da ba nawa ba.
Kantin garinmu ya fi arha da dala shida.

Layi na tara, kusa da banɗaki,
nan teburin Delbert Yocum yake tun ina da gashi.
Gwangwanayen kofi cike da notuna,
babu lamba, babu takarda,
sai yatsunsa da suka san gidan kowanne.
Yakan riƙe ka awa guda da labarin barewar da ta kuɓuce masa,
kowace shekara ƙahonta na ƙara tsawo.

Gwangwanayen suna nan.
Kujerarsa tana nan.
Marvella ce a kai, sanye da jaket ɗinsa,
hannuwan sun yi mata yawa.
"Watan Janairu," in ji ta, tun ban tambaya ba.
"Ya riga ya biya kuɗin teburin, Orval.
Ka san shi da ƙin asara."

Na tsaya, hula a hannu.
Lasifika na kiran mai jar mota ya zo ya gyara fakin.

Ta juye gwangwani guda a kan tawul.
Muka sunkuya mu biyu, tsofaffin idanu huɗu,
muna tsinta kamar masu tsince tsakuwa a wake.
Ta ba ni labarin barewar.
A bakinta ƙahon ƙarami ne.
"Ina wurin," in ji ta. Muka yi dariya har ta share ido.

Na sami wanda ya yi kama.
Ta ƙi karɓar ko sisi.

Da dare, ƙarƙashin fitilar gareji,
na gwada shi.
Ya shiga zagaye biyu ya cije.
Ba shi ba ne.

Lorene ta leƙo da ambulan ɗinta.
"Nawa ya tashi?"
Na ce saba'in, har da naman.
"Ya yi?"
Na ce Delbert ya rasu.

Ta daɗe a bakin ƙofa.
Ta ninke takardar ta sa a aljihu.

Hatimin bai fita da sabulu ba, kwana uku.
Notin yana cikin faranti, wurin makullai.
Akwai wani baje kolin a watan Oktoba.
Ban ce zan je ba.
Ban kuma ce wa yaron ya duba waya ba.