Marar Kai a Tudun Valparaíso

Ran Talata Maite Ossandón ta hau tudu,
matakala ɗari da sittin, tana haki,
da doguwar jaka a baya kamar goyo.
Ta sauke a kan teburina, ta zuge,
ta ce, "Don Eleuterio, ta daina magana."

Jitar bes ce, irin marar kai.
Wuya ya miƙe, ya miƙe, sai ya tsaya cak,
kamar zancen da aka katse a tsakiya.
Kunnuwan ɗaurinta na can gindi, bayan jaki,
su huɗu a jere, sun sunkuya.
Maƙerinta ya kifa duniya ne da gangan,
na sama ya koma ƙasa.

Gishirin teku ba ya sallama.
Ta taga yake shiga, ta ƙasan ƙofa,
ya kwana a kan ƙarfe, ya wayi gari tsatsa.
Kunne na uku ya ƙi juyawa,
babbar tsirkiya ta tsinke a wuya.

Nan fa ake yin ta.
Tsirkiyarta ba ta kowa ba ce,
ƙullin ƙarfe gare ta a kowane baki.
Na gangara gari, shago bakwai na shiga,
kowa ya girgiza kai,
su da suke da shi.
Wani yaro a Santiago ya ce mini ta waya,
"Kaka, an daina kawo wannan tun ina rarrafe."

Na aika kuɗi Hamburg.
Ƙunshi ya ƙetare teku biyu lafiya,
ya zo ya kwanta a ɗakin kwastan.
Ina hango rufin daga tagata.
Mako tara takarda na neman takarda.

Ita kuwa Asabar za ta hau dandali,
kuma ba ta taɓa wata, ko aro aka ba ta.
Ta yayanta ce, Nibaldo,
wanda ya fita su da asuba ruwa ya riƙe shi.
Gurbin babban yatsansa na nan a jikin katako,
ta hana ni gogewa.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.
Na tono tagulla a akwatin tarkace,
bakin famfon wani jirgi da aka yanka a tasha.
Na sa zarto, na bi da magagari,
na huda ƙofa huɗu, kowace da notinta,
ɗan matsi da zai zauna inda kai ya kamata,
ya ciji tsirkiyar gama-gari ya riƙe.

Noti na huɗu, ƙanƙane kamar ƙwayar riɗi,
ya suɓuce, ya shige tsagar katakon daɓe.
Har ƙarfe biyu na dare ina rarrafe
da maganaɗisu ɗaure a zare,
shekara saba'in da ɗaya, gwiwa na kuka,
kyanwa na kallona kamar alƙali.
Na ciro allura uku, da tsohon kwabo,
sannan shi.

Kunne na uku na jiƙa shi da kananzir,
na lallashe shi kamar mai fushi.
Ƙarfe ba ya son dole.
Ɗigon mai ɗaya, a jira. Wani ɗigon, a jira.
Da asuba ya juya.

Juma'a ta dawo. Ba ta zauna ba.
Ta rataya, ta sa yatsa a gurbin yatsa,
ta ja babbar tsirkiya sau ɗaya.
Kwalaben kusa suka yi rawa a kanta,
gilashin taga ya amsa,
na ji ta a haƙora kafin kunne.
Ta juya baya tana duban teku, ta daɗe.

Na ce, "Ki riƙa share ta da tsumma in kin gama.
Kada ki matse noti har ya yi ƙara.
Ga makullin, ki rataya shi a wuya."

Ƙunshin Hamburg ya iso ran Litinin,
da tambari goma sha ɗaya da kuɗin ajiya.
Yana cikin aljihun tebur, ban buɗe ba.