Kuɗin Kwana a Edinburgh

Wasan mun haddace shi tun hunturu,
rigunan ma Torquil ya ɗinke su da hannunsa.
Abin da ya gagara shi ne wurin sa haƙarƙari.
Edinburgh a watan Agusta,
ɗaki guda sai ka ce jirgin ruwa za ka saya,
mu kuwa biyar ne, har da mai kunna fitilu.

Sai na ajiye kunya a bakin ƙofa,
na rubuta wa masu kallonmu:
bana ba tafi muke roƙo ba, katifa.

Dare ya raba ina ƙirga a waya.
Fam goma daga wata malama a Paisley.
Fam uku, kuɗin alawar wani yaro.
Lachlan, direban bas, ya turo ashirin
da layi ɗaya: a wasanku matata ta yi dariyarta ta ƙarshe.

A nan na daina ƙirga.

Da sauran ɗari huɗu,
amma mun ba da kafin alƙalami, saman shagon kifi.
Ruwa na dukan taga.
Morven a kujera, Torquil a ƙasa,
ni ido biyu,
ina juya bashin da kuɗi ba ya biya.