Ƙarar da ke Hagu

Na same ta a rumfar tumaki, bayan garin Cochrane,
inda hanya ke gajiya da zama hanya.
Landiroba ce, 'yar saba'in da huɗu,
koriya a da, yanzu launin ganyen da sanyi ya ƙone.
Kaza ta saka ƙwai uku a kujerar direba,
tana hararata kamar na zo karɓar bashi.

Doña Nélida ta fito riƙe da ƙoƙon shayinta.
Ba ta ce sannu ba. Cewa ta yi,
"Kar ka fizgi ƙofar nan. Ɗagawa ake yi, sannan a ja."
Shekara shida mijinta yana ƙasa,
motar tana tsaye inda ya bar ta.

Na taya, ta yi shiru.
Na ƙara, ta dubi ƙanƙarar kan duwatsu.
Can ta ce, "Na sallama, amma da sharaɗi:
duk shekara, in an gama askin tumaki,
ka zo ka kai ni maƙabarta, hayin rafi.
Ba sai na nuna maka hanya ba."

Osvaldo makaniki ya shiga ƙarƙashinta,
ya fito yana dariya, baƙin mai har gira.
"Baldomero, ka sayi ciwo da kuɗinka."
Gaskiyarsa.
Tana yoyo kamar tsohon tulu,
giya ta biyu sai an lallashe ta,
ruwa ta rufi, iska ta ƙasa,
fitilar dama tana kallon sama kamar mai neman gafara.
Matata Ximena ta daina tambayar nawa na kashe,
ta koma shimfiɗa kwali a tsakar gida
don kada mai ya ɓata mata dabe.

Amma ka gan ta a tudun tsakuwa!
Ba ta gudu, ba ta kuma tsayawa.
A taɓo takan yi nishi sau ɗaya
ta fita, kamar saniyar da ta san ranar kasuwa.

A ƙarƙashin kujera na tsinci littafinsa,
bangon ya sha mai, rubutun fensir ne:
"Na canja birki. Nélida tana fushi."
"Tumaki tara a baya, rafi ya kai ƙofa, mun haye."
"An haifi Amaro a kan buhunan ulu,
asibiti ya yi mana nisa."
Shekara talatin, layi bayan layi,
rabi na mota, rabi na gida,
har shafin ƙarshe:
"Akwai wata ƙara a hagu. Gobe zan duba."

Ni ma ina jin ta.
Kas, kas, duk sanda taya ta faɗa rami.
Na ɗaure noti, na canja roba, na zargi sifirin.
Wata huɗu ina farautar goben wani.
Ranar wata Lahadi na kwance cikin ƙofar,
sai ga shi kwance cikin tsatsa:
tsinken azurfa na zuƙar shayi,
an zana N a wuyansa.

Da aka gama aski na je ɗaukarta.
Ta ɗaga ƙofar, ta ja, ta zauna,
na ajiye mata shi a cinya.
Ta juya shi, ta sake juyawa.
"Shekara tara," ta ce,
"ina gaba da Eduvina a kan wannan abu."
Ta yi dariya har muka shiga ruwa,
daga nan ban ƙara duban fuskarta ba,
na bar wa rafin surutu.

Da dare na fiƙe fensir,
na rubuta a ƙarƙashin layinsa:
"An duba. Ba komai ba ne."

Sai dai tun ranar, motar ta yi mini shiru a hagu,
ni kuma har yanzu ban saba ba.