Gurbin Kofi

Shekara bakwai kofin na bisa firijin Tankari,
tsakanin kwalin madara da rediyon da ba ya kama tasha.
Kowa ya shiga sayen sabulu sai ya ɗaga kai ya gaishe shi.
Ni nawa sabulun can nake saye,
gaba da tasha, da nisa, da tsada.

Bilbis suka ci shekarar da aka haifi Rakiya,
suka ci shekarar da ta yi haƙori,
suka ci, suka ƙara ci, har ta shiga lakwal.
Ɗiyata ba ta taɓa ganin ubanta ya dawo daga fili
da muryar da murna ta disashe ba.

Mu Kurfayawa mun iya bayani.
Alƙalin wasa surukin wane ne.
An binne laya a gindin raga.
Iska ta juya bayan an dawo hutu.
A fada, kafin shayi na uku ya tafasa,
mun cinye wasan da aka cinye mu da la'asar.

Farenmu ɗaya kowace shekara, sukari kilo biyu.
Ranar kaɗai nake taka shagonsa.
Ya auna, ya amshi kuɗina, ya amshi sukarin,
ya maida shi buhun da ya fito,
ya ce, "Allah ya kai mu baɗi, Nomau."

Ran Asabar na rufe gareji tun azahar,
babur uku kwance da cikinsu a buɗe.
Yara sun cika katanga, reshen dogon yaro na kuka,
mai lemu ya hau amalankensa ya manta ciniki.
Ba ci, ba ci, har inuwa ta cinye rabin fili.

Sai Agali,
yaron da ke turo mana kurar ruwa da safe,
da takalmin aro, ɗaya ya fi ɗaya girma.
Ba shi ya bugi ƙwallo ba, ita ta buge shi a ƙwauri,
ina wurin, na gani,
ta mirgina a hankali kamar tsohuwa za ta barka,
ta wuce Arzika,
Arzikan da shekara bakwai ko ƙuda bai wuce ba.

Ban san akwai irin wannan murya a cikina ba.
Ladan ya jefa hula sama, har yau ana nema.
Na rungume wanda nake bi jaka biyar,
na yafe masa a gaban shaidu,
da safe na ciji yatsa.
Ƴan kabu-kabu suka danne oda har bakin Babaye,
karnukan Tawa suka amsa.

Bayan lisha ƙafata ta kai ni inda ba ta zuwa.
Tankari da kansa ya sauke kofin,
ya share shi da bakin riga,
ya miƙa wa yaran yana cewa,
"Ku riƙe ta dama, hannun hagu na rawa,
da waya na ɗaure shi."

Suka tafi da kiɗansu.
Bisa firiji wani farin da'ira ya rage,
wurin da rana ba ta taɓa ba tun haihuwar Rakiya.

Na zo da maganar da na yi shekara bakwai ina wasawa.
Tana bakina.
Ya auna kilo biyu, ya ƙara ludayi guda,
ya turo mini ba tare da ya dube ni ba.
Can ya ce, "Kai ka san yadda ake kwana da wannan abin.
Ta ina ake farawa?"

Na jawo benci, na hura gawayi,
na zuba sukarinsa da hannu sake.
"Alƙalin wasa," na ce da ragowar muryata,
"da shi ake farawa."