Mai Makullin Ɗaki na Huɗu

Ni nake buɗe ɗakin da ƙarfe bakwai.
Inji ashirin da biyu, uku ba sa tashi.
Nan Maraɗi ordinatar muke cewa,
ka wuce Ɗan Isa, ka shiga Jibiya, su ce kwamfuta.
Sunan bai dame ni ba, halin ɗaya ne:
abin da ba ka ce ta riƙe ba, ba ta riƙewa.

Barira ta zauna tun hantsi
tana buga babi na uku a kan jar akuya,
nauyin ƴaƴa, yawan nono,
garke-garken da ta bi da ƙafa daga Tibiri har Madarunfa.
Da azahar wuta ta ɗauke.
Fanka ta yi juyi uku, ta tsaya.
Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi,
"Malam Ɗanjimma, ina suka tafi?"
kamar awakin ne suka tsinke igiya.

Tun ranar nake faɗa wa kowa:
yatsa biyu na hannun hagu,
ɗaya kan kontirol, ɗaya kan S,
danna duk sanda ka tsaya sosa ƙeya.

Ita kuwa ƴar kle ɗin nan da kuke ratayawa a wuya
ludayin gidan biki ce.
Ta shiga shagon fotokopi na bakin ƙofa,
ta shiga injin abokin ɗaki,
ta dawo mini da tari.
A duba lafiyarta kafin a buɗe.
Kuma manomin bakin Gulbi bai zuba iri a rumbu ɗaya:
bar kwafi a inji, bar kwafi a kle,
na uku aika wa kanka, kamar wasiƙa zuwa ga baƙo.

Dakta Mantau, Allah ya ƙara masa sani,
kalmar sirrinsa sunan ƴar autarsa ce da shekarar haihuwa.
Duk wanda ya ci goron suna ya san rabi,
sauran rabin yana manne a ƙarƙashin madannai
da rubutun hannunsa mai kyau.
Na ce, Dakta, ɗauko doguwar magana
wadda kaka ta taɓa faɗa maka kai kaɗai,
ka watsa mata lambobi kamar yaji.

Harisu ne ya fi tsaya mini a rai.
Saƙo ya zo masa cikin dare:
an zaɓe ka, bursu a ƙasar waje,
turo jikka arba'in da lambar sirrinka kafin Juma'a.
Buhun gyaɗar uwarsa ya tafi kasuwa.
Juma'a ta zo, wata ta biyo ta.
Da ma ya kawo mini na duba adireshin,
yadda ake buɗe bakin akuya a ga haƙori.
Mai ba ka kyauta bai tambayar makullin ɗakinka,
mai ce maka yi maza, shi ke gudun kada ka yi tunani.

Ƙarfe shida in sun watse
nakan bi injin ɗaya bayan ɗaya.
Akwatin saƙo biyar, shida, a buɗe,
kamar an fita an bar zaure ba ko asabari.
Nakan rufe musu. Ba na karantawa.
To, sau ɗaya idona ya faɗa kan layi guda:
"Inna, kuɗin sun ƙare, amma kada ki gaya wa Baba."
Na rufe da sauri, na daɗe a tsaye.

Waƙar nan a inji na sha ɗaya na fara ta.
Ina baitin Harisu wuta ta ɗauke.
Ban danna ba.
Wannan ta biyu ce kuke karantawa,
ta farkon ta fi daɗi.