Baƙon Leɓe

Tun daren Talata na san yana tafe.
Wani ɗan ƙaiƙayi a gefen leɓena na sama,
kamar kiyashi ya ɓata hanyar gida
yana zagaye wuri guda.
Ina ɗakin sanyi na kamfanin kifi a Hull,
ina jera kwalaye, yatsuna sun ƙage,
na ce masa: kai ne kuma?
Duk makonnin Allah, sai wannan ka zaɓa?

Laraba da asuba Nusaiba ta sauka.
Mace, kilo uku da ɗan ɗori,
gashi kwance luf kamar an shafe shi da mai.
Ni kuwa kwana biyu ban runtsa ba,
baƙona ya tarar da ƙofa a buɗe,
ya feso 'yan ƙuraje huɗu masu ruwa
ya baje kayansa.

Ungozomar, Moira, ta dube ni ta saman tabarau.
Ta nuna bakinta, ta nuna nawa.
Ta ce: abin da yake ƙurji gare ka,
ga jinjira wuta ne.
Kada ka sumbace ta.
Ka wanke hannu kafin ka ɗauka,
ka sake wankewa in ka taɓa fuska.

Haka na yi wa 'yata huɗuba
da takunkumi a baki,
sunan Allah yana ratsa ƙyalle
kafin ya isa kunnenta.
Ɗan hakin da na raina shekara ashirin
bai tsone mini ido ba,
tsakanina da 'yata ya zo ya tsaya.

A kyamis na titin Hessle,
Parvez ya miƙo mini magani, bai kai ɗan yatsa ba.
Sau biyar a rana, ya ce, ai ba za ka manta ba,
ka haɗa shi da salla.
Ɗigawa ake yi, ba murzawa ba.
Gobe in ya sake, ka zo tun yana ƙaiƙayi.

Inna ta bugo daga Gumel:
Zazzaɓi ne ya fita ta baki, ka gode Allah,
ka shafa man kaɗanya.
Na ce to, Inna.
Ban gaya mata sauran ba.

Kofina daban, cokalina daban,
tawul ɗina can a ƙusar bayan ƙofa
kamar wanda aka yi wa yaji a gidansa.
In zafi ya taso, ƙanƙara a cikin hankici.
Ranar suna tiren tsire ya wuce ta gabana,
ƙamshin yaji yana kirana da sunana,
na kau da kai.
Sallau ya ce: angon ƙarni yau azumi yake!
Aka yi dariya, na so in taya su,
leɓen ya tsage.

Sai ɓawo ya kama.
Nan ne jarrabawar take.
Farce yana roƙo: kaɗan kawai, gefe ɗaya.
Na zauna a kan hannuwana
ina kallon ruwan sama yana dukan taga,
ina kallon Juwairiyya tana hamma.

Rana ta goma sha ɗaya, ina alwalar asuba,
ya faɗo da kansa cikin tafina,
bai kai ƙwayar gero ba.
Na ƙara kwana biyu, don kada gaggawa ta yi mini ɓarna.

Sannan na sunkuya.
Goshinta da ɗumi, yana ƙamshin nono.
Ta yamutsa fuska, ta yi atishawa.

Na san baƙon bai koma garinsu ba,
yana can ciki yana barci,
yana jiran sanyi ko gajiya su tashe shi.
Ya huta lafiya.
Maganin yana aljihun rigar aikina,
kusa da katin bas.