Goɗiyar Kam Ta Gaske Ce

Ƙarfe shida nake buɗe shagon,
kafin manyan motoci su fara ratsa Tucumcari.
In shimfiɗa farar riga a kan katako,
in sauke rariya, in ja tawada sau ɗaya da ƙarfi,
in ɗaga.
Ga kaboyi ya fito, malafa ta rufe masa ido,
abin hawansa ya tashi da ƙafa biyu,
jar rana tana nutsewa bayan murtsunguwa.
Kafin rana ta take na haifi kaboyi ɗari da arba'in,
duk fuskarsu ɗaya, wato babu.

Masu saye ba sa son sabuwa.
Sai na wanke ta da tsakuwa,
na bar tawadar ta tsattsage da gangan,
rigar da aka ɗinka watan jiya a Honduras
ta koma kamar ta sha rana shekara hamsin.
Dala ashirin da biyu. In biyu za ka ɗauka, arba'in.

Kakana Eusebio ne mai ninkewa.
Yana zaune bakin ƙofa da ƙugun ƙarfe da likita ya dasa masa,
da yatsu tara.
Na goman igiya ce ta tafi da shi
ran da wani bijimi ya ƙi lalas.
Duk da haka ninkinsa ya fi nawa.

Hoton nasa ne.
Cikin kwalin takalmi na tsinto shi, gefensa ya ci ruwa.
Ni na shafe fuskar, don inuwa ta fi ciniki.
Ni na dasa murtsunguwar mai hannuwa,
wadda ko a mafarki ba ta tsiro a garinmu.
Ni na rataya masa bindiga.
Ya ce, "Filaya ce a wurin, Delfina, ta gyaran shinge.
Ranar kuma fitowa take, ba faɗuwa ba.
Wa ke da sauran ƙarfi da yamma?
Ba burga muke ba, maciji ta gani,
ni ko neman abin riƙewa nake."

Pulga sunanta. Goɗiya ce, mai cizo, mai son lemon zaƙi.
Ba wanda ya taɓa tambaya.

Da zan buga abin da ya ba ni labari,
sai in buga gatari yana fasa ƙanƙara a kwamin ruwa,
wake da safe, wake da dare,
hannu har kafaɗa cikin saniya, ƙarfe uku na dare,
ana jawo maraƙin da ya juyo da baya.
Na gwada guda goma sha biyu.
Suna nan ƙasan kanta, ɓera ya ci uku.

Ranar Talata wani baƙo daga Stuttgart,
sabon takalmi mai tsini na matse masa ƙafa,
ya roƙi tsohon cikin ladabi ya ɗan matsa,
yana so ya ɗauki hoton rigar.
Kaka ya ja kujerarsa, ƙiiii, har jikin bango.
Ɗan baƙon, mai giɓi, bai bi ubansa ba.
Ya nuna da yatsa ya ce,
"Wannan mutumin na gaske ne?"

Kaka ya daɗe yana duban rigar,
har na ɗauka bai ji ba.
Can ya ce, "Goɗiyar kam ta gaske ce."

Bai taɓa sa ko ɗaya ba.
Tasa mai maɓalli ce, a ɓalle har wuya, ko ana ƙuna.
Amma waɗanda tawada ta ɓata yakan tafi da su gida,
yana goge sirdin da ke rataye a gareji.
Jiya na lura da yadda yake ninki:
malafa da bindiga ciki,
kunnuwan Pulga a sama.
Ban ce masa komai ba. Na miƙo masa wani ƙunshin.